Takardar Jikin Firji

"Sake faɗa in ji!"

Lauya ta dire kofi a kan tebur har shayin ya fantsama. Sarkin Kuka, ɗan wata takwas ɗin da ke saɓe a kafaɗarta, ya zabura ya soma aikin da ya samo masa sunan.

"Ni fa ban ce kada ki yi aiki ba," in ji mijinta Injiniya, yana ɗaure igiyar takalmi bai ko ɗago ba. "Cewa na yi ki bari yaran nan su ɗan tasa."

"Su tasa! Haka ka ce ina da cikin Kurciya. Yau Kurciya shekararta huɗu. In an yaye wannan kuma sai a jira in yi furfura, ko?"

"To wa zai riƙa ba ta magani in kin fita?"

"Kai hannunka ciwo yake yi?"

"Kin ga, ba a kotu muke ba."

"Ai da a kotu muke da tuni ka sha ƙasa!"

Ya miƙe. Ta san shi, ba mai faɗa ba ne, amma in aka ƙure shi yakan jefo magana ɗaya da ta fi mari zafi. Ya nuna firji da haɓa.

"Ai karatun naki bai tafi a banza ba. Ga shi can manne, kin iya ja layi da rula."

Har Sarkin Kuka sai da ya haɗiye kukansa.

Takarda ce fara, manne a murfin firji. Tun Kurciya tana da shekara biyu likita ta tabbatar musu tana da farfaɗiya, ta rubuta mata maganin ruwa: bakwai na safe, bakwai na yamma, kada a tsallake, kada a ƙara ko ɗigo. Lauya ce ta ƙirƙiro takardar. Duk farkon wata sai ta zauna da rula ta zana gidaje, na safe da na yamma, wanda duk ya ba da maganin ya sa hannu a gidan. Shekara biyu cur babu gidan da ya taɓa zama fanko. Tun da ta gama karatun shari'a, wannan ce kaɗai takardar da ta tsara da hannunta ake kuma aiki da ita.

Ta taka a hankali ta ɓanɓaro ta. Ta yaga biyu, ta yaga huɗu, ta watsa a kwandon shara.

"To ga karatun nan. Ka huta."

"Ni ba haka nake nufi..."

"A sauka lafiya."

Daga ranar bakinsu ya rufe.

Wanda bai zauna da ƙananan yara a ɗaki biyu da falo, a hawa na uku ba, ba zai gane yadda yini yake cinye mutum ba. Kafin ta shanya wankin safe wani ya taru. Ta share falo, Kurciya ta zazzage kwalin kayan wasa. Ta ɗora tukunya, Sarkin Kuka ya farka. Shayinta kullum sai ya huce take tunawa da shi. Sau da yawa tana tsaye gaban wurin wanke-wanke za ta ji bakinta yana karanto wani sashe na doka da kansa, don kawai ta tabbatar bai gudu ba. Baƙar rigarta ta lauyoyi na rataye can ƙarshen durowa cikin leda, bayan kayan sanyin yara.

Ba ta taɓa yi wa kowa kuka ba. In ƙawayenta na makaranta sun kira, cewa take, "Lafiya ƙalau, ina hutawa ne." Gara ta haɗiye wuta da a ce mata sannu.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne mutumin da ya yi mata gorin. Shi ne fa mai jiranta a ƙofar jami'a da baƙin mai a farcensa, yana cewa, "Lauyata, ki yi sauri ki gama, don in aka kama ni da laifin sonki ke za ki fito da ni." Ina wancan mutumin ya shiga?

Da gaba ta yi nisa, Kurciya ta zama 'yar aike.

"Je ki ce wa babanki gas ya ƙare."

"Ki ce wa mamanki na ji."

"Ki ce masa jin ba ya dafa abinci."

Da farko wasa ta ɗauke shi, tana gudu tsakanin kicin da falo tana dariya. Zuwa kwana na biyar ta daina gudun. Takan tsaya a tsakiyar falo tana murza bakin rigarta, tana kallon wannan tana kallon wancan.

Magani kuwa Lauya ta riƙe shi ita kaɗai, safe da yamma. Ba ta buƙatar takarda, ba ta buƙatar kowa. Kanta ya ishe ta.

Ran kwana na goma ne wani ofishin lauyoyi ya sa mata ganawar ɗaukar aiki, ƙarfe goma na safe. Yayarta ta zo tun da wuri don ta zauna da yaran. Safiyar ta zo a birkice: Sarkin Kuka ya yi tumbuɗi a kan farar rigar da ta goge, dole ta sake shiga wanka da shi, ta sake jona dutsen guga. Tana banɗaki ta ji ƙarar rufe ƙofa. Ya fita ke nan, ko Allah ya ba da sa'a babu.

Ta fito tana cika tana batsewa. Baƙin takalminta na bakin ƙofa yana ta sheƙi, ta ce a ranta, Allah ya saka wa Yaya. Ta duba agogo, bakwai da minti biyar. Ta ɗauko kwalba da sirinji.

Kurciya ta jawo gefen zanenta.

"Mama, Baba ya ce in ce miki..."

"Yi mini shiru! Yau ba na karɓar saƙon kowa. In yana da magana ai da bakinsa."

"Amma Mama..."

"Buɗe baki. Haa!"

Yarinyar ta ɗago manyan idanunta ta dube ta, sannan ta buɗe.

"Haɗiye. Yawwa 'yar albarka."

Su biyar ne a kan bencin ofishin, ita ce ta uku. Sanyin na'ura, ƙamshin takardu, ƙarar takalma a kan tayil... ta lumshe ido ta shaƙa, kamar wadda ta dawo gida daga doguwar tafiya. Wayarta ta yi motsi a jaka, ta share. Ta sake, ta share. A na uku ta ɗaga cikin raɗa.

"Yaya, na ce miki ina..."

"Kurciya ta ƙi tashi! Tun ɗazu take layi kamar mai maye, yanzu jikinta duk ya saki. Ba irin faɗuwar da ta saba ba ce, wallahi ba ita ba ce! Ga mu a mota za mu asibiti, na kira babanta."

Daidai nan sakatariya ta leƙo. "Ta uku, bismillah."

Lauya ta dubi ƙofar. A buɗe take, har tana hango kujerar da aka tanadar mata. Shekara biyar tana jiran ƙofar nan.

Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta bi matakala da gudu.

Ta iske Injiniya a ɗakin gaggawa da kayan aikinsa a jiki. Kurciya na kwance a gado, ta ƙara ƙanƙancewa, an sa mata robar iska a hanci. Likita, wata dattijuwa mai tabarau, tana ɗaga fatar idonta tana haskawa.

"Ta sha maganinta yau?"

"Ta sha," suka amsa tare.

"Ƙarfe nawa? Wa ya ba ta?"

"Ni na ba ta, bakwai da minti biyar."

"Ni na ba ta, bakwai saura kwata."

Maganganun biyu suka yi karo a iska. Likita ta sauke tabarau ta dube shi, ta dube ta.

"Gida ɗaya kuke kwana kuwa?"

Likita ta mayar da tabaraunta.

"Ninki biyu ke nan a jikin yarinyar da ko cin kirki ba ta yi. Za mu sa ido a kan numfashinta. Ku fita waje, ku yi addu'a."

A barandar asibitin Yaya na can gefe tana jijjiga Sarkin Kuka. Su biyun suka tsaya jikin bango, taku uku a tsakaninsu. Kan Lauya ya soma aikin da ya iya, yana jera hujjoji: kwana goma bai taɓa kwalbar ba, wa ya sa shi yau? Me ya hana shi ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki?

"Wa ya aike ka?" Ta juyo gare shi. "Wa ya ce ka taɓa?"

"Na ga kin makara ne... na ce bari in rage miki aiki ɗaya." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na duba firji in sa hannu, babu takarda. Na je har ƙofar banɗakin, na ɗaga hannu, sai girman kai ya riƙe ni. Shi ne na ce mata ta gaya miki. Laifina ne. Ta yaya zan ɗora wa yarinya 'yar shekara huɗu saƙo irin wannan? Mantawa ta yi."

Ga hanya ya buɗe mata. Shiru kawai za ta yi, ya ɗauki laifin, a ce yarinya ta manta. Ba ta taɓa faɗuwa a gardama ba tun tana firamare.

"Ba ta manta ba."

Ya juyo.

"Ta zo... ta riƙe mini zane... ta ce Baba ya ce..." Ta dafe bango. "Ni na rufe mata baki, Baban Kurciya. Na daka mata tsawa, na ɗura mata da hannuna! Tana kallona ta haɗiye!"

Ta sulale ƙasa. Kukan da ta shekara biyar tana dannewa ya ɓalle gaba ɗaya, a gaban masu jinya da masu wucewa, ita da ba ta son a ce mata sannu. Ya durƙusa ya riƙe kafaɗunta, nasa hawayen na ɗiga a kan farar rigarta.

"Ya isa, Lauyata... ya isa. Ni na fara. Bakina ne ya yaga takardar nan kafin hannunki."

"In wani abu ya same ta ba zan yafe wa kaina ba."

"Tare za mu ɗauka, ko mene ne."

Yaya ta matso tana share ido da gefen mayafi. "Ku dai Allah ya shirye ku. Manya biyu da karatunku, kun mai da 'yar ficiciyar yarinya gidan waya."

Rana ta yi tsaka, ta karkata. Suna zaune gefen gadon, kowa riƙe da hannu ɗaya, suna ƙirga ɗagawar ƙirjinta. Sai bayan la'asar yatsunta suka motsa. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dubi uwarta.

"Mama..."

"Na'am ruhina! Ga ni, ga ni nan."

"In faɗa yanzu?"

"Me za ki faɗa, 'yar lelena?"

"Saƙon Baba." Harshenta ya yi nauyi. "Ya ce ya ba ni magani. Kuma ya ce... ya goge miki takalmi... Allah ya ba ki sa'a."

Lauya ta dubi takalman da ke ajiye ƙarƙashin kujera, duk sun yi ƙura. Ta kifa kai a kan katifa.

"Mama, na gaji da aike."

"Kin gama, uwata," in ji Injiniya. "Daga yau kin ajiye aiki."

Likita ta ce za su kwana biyu a asibiti, kuma kada a ba ta na yamman nan. Kafin magariba saƙo ya shigo wayar Lauya daga ofishin: sun gode, sun ɗauki wata. Ta karanta sau biyu, ta miƙa masa.

Ya daɗe yana kallon wayar. "Tun makon jiya na roƙi a mai da ni aikin yamma, don in riƙa zama da su da safe. Jiya aka amince. Na so in gaya miki..."

"Sai ka rasa ɗan aike."

Ya sunkuyar da kai.

"Zan sake nema," ta ce, idonta jawur amma muryarta a tsaye. "Kuma ba izini nake tambaya ba."

"Na sani. Ni zan goge takalmin."

Ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa ya zaro wata takarda da ta sha ninki. Gidaje ne aka zana da biro, layukan sun karkace, wani gidan ya fi wani faɗi.

"Sau uku ina gwadawa a wurin aiki. Ashe jan layin ma ba kowa ya iya ba."

Ta karɓa. Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Ranar da aka sallame su, kafin ta ko cire mayafi ta wuce gaban firji ta manna takardar, a karkacenta. Ya ce ta bari ta zana mai kyau, ta ce a'a, wannan za ta zauna har wata ya ƙare. Ta nemo gidan safiyar ranar da abin ya faru ta sa hannu, ta miƙa masa biro.

"Sa naka a gefen nawa."

"A gida ɗaya?"

"Haka aka yi, haka za a rubuta."

Ya sa. Kurciya na kan kujera tana lallashin ƙanenta da ya soma tsiyar tasa. Su kuwa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon layin: gidan safe da hannu biyu a cunkushe, gidan yamman da likita ta hana fanko, karo na farko da aka tsallake magani cikin shekara biyu.