Hannun Da Ke Juya Jini

"Hannun da ke wuni cikin jinin mutane ba zai dafa wa ɗana abinci ba!"

Amsar da mahaifiyar Injiniya ta aiko ke nan, ranar da ya ce Auta yake so. Auta ta yi kuka har ta gode Allah, amma aikinta na ɗakin gwajin jini ko kusa ba ta bari ba.

Wata biyar bayan nan, sai ga Mama, mahaifiyar tasa, a gadon asibitin su Auta, numfashi da ƙyar. Tsohon ciwon huhu ne, ga ƙwayoyin maganin sitiroyid da take sha sun kumbura mata fuska. Likita ya sauya tsari: duk wata a ɗebi jininta kaɗan, a ɗura maganin cikin jajayen ƙwayoyinsa, a mayar mata, su riƙa sakinsa sannu a hankali.

To, wa ya fi kowa iya wannan aiki a asibitin? Auta mana!

"Masoyiya, in ba za ki iya ba..." in ji Injiniya a bakin ƙofa.

"Jinin da ya haife ka ne fa. Matsa in wuce."

Ta ɗaura takunkumin fuska, ta duƙufa kamar mai tsince shinkafa. Wata huɗu tana yi, ba ta taɓa buɗe fuskarta a gaban Mama ba.

Kumburi ya saɓe, tari ya lafa. Ran nan Mama ta hawo bene da ƙafarta, babu mai riƙe ta. Auta ta hango ta, ta ji alfahari ya cika mata ƙirji.

Da aka gama mayar da jinin ranar, Auta na cire allura, Mama ta cafke wuyan hannunta.

"Cire ƙyallen nan, 'yata."

Auta ta sassauta murya.

"Mama, ni ce fa..."

"Na sani! Tun watan farko na gane ki. Wace nas ce ɗana zai riƙa kallo kamar ya ga ruwan sanyi? Kunya ce ta ɗaure mini baki."

Injiniya da ke tsaye a gefe ya sosa ƙeya. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga.

Mama ta juya tafin hannun nan, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora shi a ƙirjinta.

"Ji numfashin nan, aikinki ne. Ki yafe mini. Kai kuma, gaya wa baffanninka su shirya, kafin wani ya riga mu."