Kiɗa Daga Ɗakin Ganguna

Ƙarfe ɗaya da kwata na ranar Asabar aka kira ofishin 'yan sanda daga Gidan Waƙa, aka ce an tsinci gawa a ɗakin ajiye ganguna. Tun asuba ake ruwa. Sufeto ya ɗauki Kofur da direba suka fita.

Gidan Waƙa tsohon ɗakin taro ne na unguwa. Duk Asabar mata da dattawa da ƙananan yara sukan taru a ciki suna koyon waƙoƙin da, na reno da na aiki da na biki, ƙarshen wata kuma su yi wasa a gaban jama'a. Wasan wannan watan ƙarfe huɗu aka sa shi. An riga an jera kujeru.

A bakin ƙofa suka tarar mutane sun rirriƙe wani dogon mutum, rigarsa a yage. Wata mata mai tsohon ciki tana jan hannunsa tana kuka.

"Shi ne, Yallaɓai! Dogo ne! Kowa ya ji su da safe!" in ji wani daga cikin taron.

"Ku sake shi," in ji Sufeto. "Kofur, saka shi a mota kafin su gama min shari'ar. Ke matarsa ce? Shiga daga ciki, kar ruwa ya dake ki."

"Ba inda zan je sai da shi," ta ce.

Sufeto ya dube ta, ya dubi motar. Ya san yadda abin yake tafiya. In mutum arba'in suka nuna mutum ɗaya, ranar Litinin takardarsa tana gaban alƙali da tuhumar kisan kai.

Maigadi ne ya kai shi ɗakin, a ƙarshen wani siririn lungu da ya haɗe da babban zaure. Ɗaki ne ƙarami, ba taga. 'Yar kafar iskar da ke sama an toshe ta da kwali saboda yoyo. Ganguna shida sun kewaye wani kaskon gawayi da ya zama toka.

Mamacin yana zaune ya jingina da bango. Tsoho ne da zai kai saba'in, ana ce masa Baba Maiganga, shi ke koyar da kiɗa a gidan. Ganga tana tsakanin ƙafafunsa, sandar kiɗa tana hannunsa.

"Yaya ka sami ƙofar?"

"A rufe, Yallaɓai, ta waje. Da sakatar sama."

"Ba da makulli ba?"

"A'a. Makullin yana wajen Dogo, amma ba a murza shi ba."

Sufeto ya miƙa hannu ya taɓa sakatar. Sabuwa ce, kuma an kafa ta sama da kan mutum.

"Me ya kai sakata can?"

"Matan nan ne suka sa kafinta ya kafa, don kar yara su buɗe. Ai yaran gidan nan, Yallaɓai, ko aljihunka ka bari a buɗe sai ka tsinci ɗaya a ciki."

A bayan ƙofar, inda ta ture shi da aka buɗe, akwai ɗan ƙaramin tawul shuɗi a nannaɗe kamar tsumman goge ƙasa. Gefe ɗaya ya yi baƙi da hayaƙi. Sufeto ya durƙusa ya gwada shi da ratar da ke ƙasan ƙofar. Daidai ya cike ta.

Ya sa aka kai gawar asibiti, sannan ya koma mota ya zauna kusa da Dogo.

"Kun yi faɗa da tsohon?"

"Ni? Wallahi ko musu ba mu yi ba."

"Mutum arba'in ne suka yi ƙarya kenan?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Mun yi. Shekara goma sha ɗaya ina bayansa, Yallaɓai. Na ce yau ya bar ni in ja kiɗan, sai ya ce hannuna kamar na mai faskare. A gaban yara. Na ce masa yau sai ɗayanmu ya bar gidan nan."

"Ga shi kuwa ɗayanku ya bari."

"Ni nake nufi! Ni zan tafi!" Muryarsa ta karye. "Na fita ƙarfe goma, na je na zauna a rumfar mai gyaran keke ina huce haushi."

"Gawayin na mene ne?"

"In ana ruwa fata takan saki, ganga ta yi ta magana kamar mai mura. Sai an gasa ta a hankali ta ɗaure. Kullum haka Baba yake yi."

"Da ƙofa a rufe?"

"Haba! Shekara hamsin yana gasa fata. Ko kai ka tura ƙofar zai ci mutuncinka. Yakan ce gawayi ba ya son a kaɗaita da shi."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Likitan da ya duba gawar ne. Ba rauni, ba alamar duka. Iskar gawayi ce ta kashe shi, kuma ba farat ɗaya ba.

Shugabar mawaƙan, wadda kowa ke kira Anti, tana ƙaramin ofishinta tana sharar hawaye da gefen mayafi.

"Ɗakin nan taku goma ne daga inda kuke waƙa," in ji Sufeto. "Ba ku ji komai ba?"

"Ko tari ba mu ji ba. Ka san mutum arba'in in suka buɗe baki."

"Wa ya fita lokacin da kuke yi?"

"Ba wanda ya fita."

"An ce kina ɗaukar kowane gwaji a waya."

Ta kawar da kai. "Na yau bai ɗauku da kyau ba."

"Ba komai. Ni ma kunnena ba shi da kyau, sai mu dace."

Ta ajiye wayar a kan tebur kamar mai ajiye garwashi. Waƙar reno ce, mace ɗaya mai siririyar murya tana bayarwa, sauran suna amsawa. A ƙarƙashin waƙar ana jin wata ƙaramar yarinya tana tari, busasshen tari mai fito.

A baiti na uku aka zo wurin bayarwa, siririyar muryar ba ta shigo ba. Shiru na ɗan lokaci, sai muryar Anti ta ɗauka. A baiti na biyar siririyar ta dawo, tana haki.

Bayan kamar minti goma aka ji ana bugun katako daga nesa, sau uku, sau huɗu. Waƙa ta danne shi. Sai ganga ta fara. Bugu ne mai ƙarfi, ba tsari, ba ya bin waƙar ko kaɗan. Wasu mata suka yi dariya. Sannan muryar Anti ta fito tar:

"Baba ya fara rigimarsa. Ku ɗaga murya, ku rufe shi!"

Suka ɗaga. Gangar ta ci gaba, tana raguwa, tazarar tana ƙaruwa. Sufeto yana kallon agogonsa. Minti goma sha bakwai ta yi kafin ta tsaya.

Anti ta kifa kai a kan tebur. "Na ɗauka fata yake gwadawa. Wallahi haka muka ɗauka duka. A gidan nan wa zai ji ganga ya ce kira ne? Kullum cikin jin ta muke."

"Shi ya sa kika ce ba ki ji komai ba."

"Ta yaya zan faɗa, Yallaɓai? Da bakina na ce a rufe shi."

"Wace ce mai bayarwar da ta ɓace a baiti na uku?"

Anti ta ɗago kai. "Maman Lele. Amma yarinyar kirki ce, ko sauro..."

"Kira min ita."

Ba ta wuce ashirin da biyar ba. Ta shigo riƙe da hannun yarinya 'yar shekara uku, da jaka a kafaɗa. Ta zauna, ta ɗora yarinyar a cinya, ta gyara mata hular sanyi.

"Sannu, 'yan mata," Sufeto ya ce wa yarinyar. "Ke ma mawaƙiya ce?"

Yarinyar ta ɓoye fuska.

"Kin fita lokacin gwaji?" ya tambayi uwar.

"Ban fita ba."

"A baiti na uku ba a ji ki ba."

"Ruwa na sha. Maƙogwarona ya bushe."

"Baiti biyu kina shan ruwa?"

Ta gyara wa yarinyar zama a cinya, Sufeto ya nuna yarinyar da kai.

"Tarin nata ya yi sauƙi?"

"Asma ce da ita," ta ce da sauri. "In ta shaƙi hayaƙi sai ƙirjinta ya rufe. Wancan watan kwana huɗu muka yi a asibiti."

"Jakar nan kayanta ne? Zan iya gani?"

Ta buɗe da kanta, tana fito da su ɗaya-ɗaya. Abin shaƙa na asma, gorar ruwa, wandon canji, man shafawa, safa. Komai a ninke. Na ƙarshe ɗan ƙyallen goge fuska ne shuɗi, da ɗinkin agwagwa a kusurwa.

Sufeto ya ciro tawul ɗin nan daga ledar da ya saka shi, ya warware shi a kan tebur. Agwagwa iri ɗaya tana nan a kusurwa, hayaƙi ya ɓata mata kai.

"Nawa ne!" in ji yarinyar, ta miƙa hannu.

Uwar ta kama hannun ta mayar.

"Kofur," in ji Sufeto, "kai yarinyar wajen Anti, a nuna mata kujerun da aka jera."

Da aka rufe ƙofa, Maman Lele ta daɗe tana kallon tawul ɗin.

"Sau uku ina yi masa magana," ta ce a hankali. "Na ce Baba, don Allah ka riƙa gasawa a waje. Ya ce a waje ruwa ake yi. Na ce to ka tura ƙofar. Ya ce ni zan koya masa aikinsa? Wai in bar ta a gida. Wa zan bar wa? Babanta yana aiki a wani gari. Asabar ɗin nan kaɗai nake fita in ji ni ma mutum ce."

"Sai yau."

"Muna cikin waƙa na ji numfashinta ya fara fito. Na san wannan ƙarar, Yallaɓai, ko barci nake ina jin ta. Na leƙa lungun, hayaƙi yana tahowa zaure. Na je. Ya ba ƙofa baya yana juya ganga. Na san in na yi magana zagi zan sha. Sai na ja ƙofar a hankali, na sa sakata. Na ga hayaƙin yana fita ta ƙasa, na cusa tawul."

"Kin san yana ciki."

"Na sani."

"Kin ji bugun ƙofar?"

"Na ji." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Na ce a raina ya ɗan ji yadda ake ji. Rabin awa ne, in mun tashi in buɗe masa in ba shi haƙuri. Da gangar ta fara na ɗauka haushi yake hucewa a kanta. Tarin yarinyar ya tsaya, har daɗi na ji. Ni hayaƙi na sani yana sa tari. Ban san yana kashe babba ba. Wallahi ban sani ba."

"Da kuka tashi fa?"

"Lele ta ce za ta yi fitsari, na kai ta. Kafin mu fito na ji ihun Maigadi."

"Kina tsaye aka yaga wa Dogo riga."

Ta rufe fuska da tafin hannu. "Na ga matarsa. Na buɗe baki zan faɗa, sai Lele ta riƙe min zani. Na ce in suka tafi da ni wa zai tashi da ita in ƙirjin ya rufe? Sai na yi shiru. Allah ya gani, na yi shiru."

Sufeto ya rufe littafinsa. Ya shekara ashirin yana wannan aiki, ya fi son ranar da mai laifin yake zaginsa.

"Dole in tafi da ke. Abin da kika faɗa min shi zan rubuta, ba ragi ba ƙari. Sauran na alƙali ne. Akwai wanda za a kira?"

"Yayata. Tana bayan kasuwa."

"Za mu jira ta."

Minti ashirin suka jira. Yayar ta iso a jiƙe, da takalmi wari daban-daban. Maman Lele ba ta bar ta ta yi kuka ba. Ta damƙa mata jakar.

"Yaya, saurara. Shaƙa biyu in ya fara fito, ki ƙirga goma tsakani. In bai sauka ba a minti biyar, asibiti, kar ki jira gari ya waye. Kar a kunna maganin sauro a ɗakin. Ba ta barci sai da safa. In ta tambaye ni ki ce na je aiki."

"Har yaushe zan ce kin je aiki?"

Maman Lele ta sakar mata jakar, ta bi Sufeto.

A waje ruwan ya koma yayyafi. 'Yan kallo na farko sun fara isowa da lemarsu, Maigadi yana mayar da su daga bakin ƙofa. Kofur ya buɗe motar, Dogo ya sauko. Matarsa ta riƙe shi da hannu biyu. Ya ga wadda ake kawowa, ya tsaya baki buɗe.

"Maman Lele? Ke?"

"Ka yafe min, Dogo."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya juya wajen Sufeto. "Yallaɓai, ina aka kai Baba? Ba shi da kowa a garin nan sai ni."

Sufeto ya gaya masa asibitin. Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza kai, ya mayar. Maman Lele ta shiga ta zauna inda Dogo ya tashi.

Yayar ta fito baranda da yarinyar a kafaɗa. Lele ta hango uwarta ta gilashi, ta ɗaga hannu tana yi mata bai-bai. Uwar ta ɗaga nata, ta yi murmushi har sai da motar ta juya.

Direba ya kai hannu zai kunna jiniya.

"Bar ta," in ji Sufeto. "Tafi a hankali. Yarinyar tana kallo."