Gimbiyar da Ba Ta Yi Kuka Ba

"Dogo, wace ce?" na tambaye shi, ko sallama ban ƙarasa ba.

Ya ɗago daga kan wayar da ya kwance yana gyarawa. "Wace ce wa?"

"Wadda ta sa ka daina ɗaga kirana. Mai gyaran waya ne kai, kar ka ce min taka ta lalace."

Tun da na ba shi littafina na farko, labarin gimbiyar wani birni a ƙarƙashin teku, ya canza min. Yayata ta ce namiji ba ya yin shiru a banza, in bincika kafin Baba ya karɓi manyansa ranar Asabar. Ni kuwa zargi ya gama cin raina, har hotunan matan da ke jikin kwalayen caja nake harara.

"Zauna, Auta."

"Ba zan zauna ba!"

Ya ja aljihun tebur ya fito da littafin, gefunansa duk sun lanƙwashe.

"Babu kowa... Wannan ne. Na kasa ce miki ya yi daɗi, na kasa ce miki bai yi ba, sai na gudu."

Wallahi da mace ce da ya fi min sauƙi.

"Me ya same shi?"

"Kin gina birni cikin ruwa, ba ki faɗa min yadda suke hura wuta ba. Dodon da kika yi ta tsorata ni da shi, a layi biyu ya mutu. Yaƙin ma kamar ana korar ki. Duk wannan na haƙura..." Ya sunkuyar da kai. "Amma uwar gimbiya fa? Igiyar ruwa ta tafi da ita, yarinyar ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba. Na yi ta buɗe shafi ina jira."

Na zauna kan benci. Tun rasuwar Mama ban zubar da hawaye a gaban kowa ba, don kar Baba ya karaya. Babin nan kuwa na sha fara shi ina gogewa.

"Kasawa na yi," na ce.

"Na gane, masoyiyata. Shi ya sa na ji tsoron tambaya."

Ya ture wayoyin mutane gefe, ya jawo kujerarsa ya zauna yana fuskantata.

"Ba ni labarinta. Ba uwar cikin littafin ba, taki."

Na buɗe baki in faɗi yadda take dariya, sai kukan ya riga ni.