Basillar Kawu Tanimu

A wani zamani, a wani gari, an yi wata yarinya, Lantana, gwanar ƙwallo. Duk sa'ad da kawunta Tanimu ya gan ta a fili, sai ya soke ƙwallon da basilla, ya ce, "Mace da tamaula? Tir!" Ya soke, ta ɗinke. Ya soke, ta ɗinke.

Da ta girma, ta ciyo wa babbar ƙungiya kofi, gari ya taru. Tanimu ya sha babbar riga, yana shela, "Ni na ɗora ta a hanya!"

Lantana ta durƙusa, ta miƙa masa tsohon ƙwallon, duk ɗinki. Ta ce, "Gaskiya ne, Kawu. Nuna musu inda ka fara."

Tanimu ya yi ta jujjuya ƙwallon, jama'a suna taya shi ƙirga huji.