Teburin Sabon Ofis

Makulli, fitila, kular abinci da kwalin tsofaffin hotunan gine-ginen jami'a. Abin da ta ɗauko ke nan bayan isha, ta nufi ofishin da aka ba ta. Ita ce mai adana tarihin makarantar, kuma ta yi shekaru tana aiki a lungun ƙarƙashin bene tana roƙon ɗaki.

Ɗakin yana warin magani mai hawa kai. A tsakiyarsa akwai dogon teburin siminti mai 'yar kwata a gefe. Ta baje hotunan a kai, ta buɗe kula, ta kai loma.

"'Yata, a ci lafiya," in ji wani tsoho da ya shigo ba sallama. Muryarsa kamar ta mai magana da ruwa a baki.

"Baba maigadi ne? Bismillah."

"Na ƙoshi tun tuni. Matsar min da kular dai, nan nake sa kaina."

Ta haska shi. Ruwa mai yauƙi na ɗiga daga jikinsa, kuma an ɗaura masa 'yar takarda a babban yatsan ƙafa. Hoton da ke kusa da hannunta na wannan teburin ne, ɗaliban likitanci riƙe da wuƙaƙe sun kewaye wata gawa da aka lulluɓe a kansa. Ƙafar da ta leƙo daga mayafin a hoton ta san ta yanzu: ta tsohon nan ce.

Ta tofar da lomar, ta kwashi hotunanta, ta bar masa kular. Ta fita ta ja ƙofa.

"Gobe su karɓi makullinsu. Ƙarƙashin bene ya ishe ni."