Mai Shela a Ɗakin Karatu

A wani gari can da daɗewa, ɗakin karatu ya nemi mataimaki. Wani tsohon mai shela da yunwa ta fara yi wa sallama ya je neman aikin.

Shugabar wurin, Malama Lantana, ta ce, "Baba, gwajin ɗaya ne. Ka tabbatar an yi shiru."

Ya shiga, ya cika ƙirji, ya ce, "Jama'a, a yi shiru!" Wani mai gyangyaɗi ya faɗo daga kujera.

"Baba, a rage murya."

Ya rage kaɗan. "Jama'a, a yi shiru!" Ƙadangaru suka zubo daga rufi.

"Baba, wai wa ke surutun?"

Ya duba dama, ya duba hagu, ya sosa ƙeya. "Ashe ni ne, 'yata."

Ana haka sai akuya ta shigo, ta nufi wani littafi. Ihu ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye. Ya lallaɓa, ya rungume ta, ya raɗa mata a kunne, "Baiwar Allah, a yi shiru." Ya fitar da ita.

Da raɗa aka ba shi aikin, da raɗa ya yi godiya. Sai da ya isa gida ya yi shela.