Ranar da 'Yar Hutu Ta Kashe Inji

"Dubi hannuna! Dubi fa! Hutun da ka kawo ni ke nan?"

Ta miƙa masa tafukanta, duk sun yi bororo saboda igiyar guga. Auta ya kama su yana hurawa, yana danne dariya.

"Haba zumata, kwana uku kacal..."

"Ni kuwa ji nake kamar shekara uku! Ba wuta, ba famfo, ga zakaran Inna ya mai da ni abokiyar gaba."

"Yi haƙuri, mako uku ne mu koma."

Nas ce ita a wani babban asibiti. Shekararsu guda da aure, sai yanzu ta samu hutu ta biyo shi ƙasarsu. Jirgi, mota, sannan babur, kafin suka iso ƙauyen da aka haife shi. Mutanen gari suka laƙaba mata 'Yar Hutu, sunan kuwa ya bi ta.

To, ba raguwa ba ce, bakin ne kawai. Kafin mako ya zagayo ta iya jan ruwa, ta iya hura icce ba hawaye. Malamarta ita ce faccalarta, matar Yaya Babba, mace marar hayaniya mai cikin wata bakwai. Rannan wurin wanki 'Yar Hutu ta ga shati baƙi ƙirin a damtsen faccalar.

"Anti, mene ne wannan?"

"Saniya ce ta harbe ni," ta ce, ta ja hannun riga ta rufe.

Abin da ya fi burge 'Yar Hutu a gidan shi ne injin niƙan da ke rumfar ƙofar gida, gadon marigayi surukinta. Ta nace sai da aka koya mata tayar da shi: a zura ƙarfe a gefe, a yi ta juyawa har ya kama da ruri. Auta kuwa ko kusa ba ya zuwa. Da inji ya tashi, sai ya saɓi fartanya ya nufi gona.

"Namiji da tsoron inji!" take tsokanarsa. Ba ya dariya.

Ranar kwana na goma sha biyu, da hantsi, akuya ta kwance ta cinye irin da Yaya Babba ya shanya. Ya shigo ya tarar da tabarma wayam. Bai yi faɗa ba. Matarsa kawai ya kalla.

"Shigo ɗaki."

Inna ta ajiye faifan hannunta. "'Yar Hutu, je ki tayar da inji."

"Inna, ai ba mai niƙa."

"Na ce ki tayar!"

Ta tafi da rawar jiki, Allah sarki, har tana murna yau an yarda da ita. Juyi shida ya kama. Ruri ya cika unguwa, Auta ya ɗauki fartanya ya fice.

Sai ta leƙa mazubin, ko ƙwayar hatsi babu. Ƙarfe ke cin ƙarfe. Ta ɗaga kai, ta hangi tagar ɗakin Yaya. Hannu ta gani ya damƙi ƙarfen tagar, sai aka fizge shi ciki.

Sai a lokacin ta farga. Sau uku ke nan tun zuwanta ana tayar da injin nan babu hatsi. Ashe saniyar ke nan! Yau kuma da hannunta ta toshe kunnen gari.

Ta kashe inji.

Innalillahi! Ihun da ya biyo baya, ko a asibiti ba ta taɓa jin irinsa ba.

"Wayyo cikina! Yaya ka yi wa Allah... cikina!"

Tas! Tas! Har bakin rijiyar unguwa ana ji.

Inna ta taho tana tuntuɓe. "Kin kashe mu! Kin tona mana asiri, 'yar nan!"

Yaya Babba ya banko ƙofa, gumi na zuba, tsohon bel ɗin inji naɗe a hannunsa.

"Uban wa ya kashe?"

"Ni ce."

"Ke? Baƙuwar kwana goma?"

"Cikin wata bakwai kake duka, Yaya! Kai wane irin..."

Marin da ya sauke mata sai da ta ga wuta. Ta faɗa kan buhunan dusa, jini ya cika mata baki. Ya tako ya take mata yatsu da takalmi, yatsun nan da suka fara warkewa.

A haka Auta ya shigo a guje. Shirun injin ne ya dawo da shi. Ya tsaya cak, ya kalli matarsa a ƙasa, ya kalli yayansa.

"Auta, tayar da inji!" Inna ta ce tana kuka. "Mutane na taruwa! Ka rufa wa gidan ubanka asiri!"

Ya sunkuya. Wallahi ya ɗauki ƙarfen.

'Yar Hutu ta tofar da jini. "Masoyi... in ka tayar da shi, ni da kai har abada."

"Uwarka ce ke magana!" Yaya ya daka masa tsawa. "Ko mace ta fi ta?"

Auta ya riƙe ƙarfen gam. Ya dubi Inna, idonsa ya kaɗa jajir.

"Ina ɗan shekara tara na fara tayar da shi, Inna. Baba ne ya koya mini. Ke ce a cikin ɗakin can."

Inna ta dafe bango.

"Na zaci in na yi nisa zan daina ji. Har yau ina ji!"

"Rufe mini baki!" Yaya ya ɗaga bel zai zabga wa 'Yar Hutu. Auta ya tare da hannu, fata ta dare tun daga gwiwar hannu har wuyan hannun. Suka sarƙe. Suka ture kwanukan awo, suka yi waje da kyauren rumfar. Yaya ya fi shi ƙarfi, ya haɗa kansa da jikin inji har sau biyu, goshi ya fashe. Amma haushin shekara ashirin ba wasa ba ne. Auta ya kwashe masa ƙafa, ya hau ruwan cikinsa, ya ɗaga ƙarfen nan sama ya saita tsakiyar kai.

"Kada! Hasken idona, kada ka zama shi!" 'Yar Hutu ta ƙwala ihu.

Hannun ya tsaya a sama. Ya yi wani irin kuka daga ƙirji, ya miƙe yana layi, ya nufi rijiyar tsakar gida. Cunjum! Ƙarfe ya tafi ƙasa.

Maƙwabta suka cika gida, maza huɗu suka danne Yaya Babba. Kowa sunkuyar da kai yake. Ai dama sun sani, injin ne ke ba su uzuri.

'Yar Hutu ba ta tsaya kallo ba. Ta faɗa ɗaki ta tarar da faccalarta cikin jini, numfashi sama sama. Ta yage zaninta ta tare jinin, tana ba da umarni da kumburarren baki.

"Mota! A nemo mota! Anti, kalle ni, kar ki rufe ido... kin ji? Wa zai koya mini tankaɗe?"

Awa biyu suka yi a hanya. Uwar ta rayu. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba.

Sauran hutun a bencin asibiti suka cinye shi. Hukuma ta tafi da Yaya Babba, 'yan uwan faccala suka zo suka tafi da 'yarsu. Da za su rabu ta rungume 'Yar Hutu, suka yi kuka har suka gode wa Allah.

Ranar tafiya, mai gyaran rijiya ya zo ya ce zai shiga ya ciro ƙarfen.

"Bar shi inda yake," Inna ta ce.

Ta kamo hannun surukarta, ta ɗora shi kan nata damtsen, inda ƙashi ya warke a karkace.

"Shekara talatin ina roƙon Allah wani ya kashe injin nan. Da na samu dama, sai na zama mai cewa a tayar. Ki yafe mini, 'yata."

"Inna..." 'Yar Hutu ta rungume ta.

A mota ta kwantar da kai a kafaɗar Auta, tana shafa ɗinkin goshinsa.

"Na ɓata miki hutu, zumata."

"Ka kusa ɓata aure dai. Da ka juya ƙarfen nan..."

"Na sani."

Sun kusa fita gari sai ruri ya tashi daga wani gida a gefen hanya. Injin niƙa ne. Ta ji jikinsa ya sandare, ta zaci zai toshe kunne.

"Direba, tsaya," ya ce.

"Lafiya, yallaɓai?"

Auta ya buɗe ƙofa, ya miƙa mata hannunsa mai bandeji.

"Zo mu leƙa mu ga ko akwai hatsi a ciki."